Tsagar hatimi a fuskar dinari: abin da na gani a Alƙahira

Sayen kayan aiki ne ya kai ni Alƙahira. Sana'ar gidanmu gwal ce, saye da narkawa da ƙira, kuma tun rasuwar mahaifinmu ni da Yaya muke riƙe da shagon a Kano. Injin murza zinariyarmu ya tsufa, sikelin ma ya fara yi mana gardama, ga babban ɗan Yaya da ke karatu a Azhar kullum in mun yi waya sai ya ce, "Baffa, ka zo ka ga kasuwar maƙeran ƙasar nan da idonka." Da biza ta fito na haɗa fasfo da katin rigakafin shawara, matan gida suka cika mini jaka guda da kuka da daddawa da yaji da busasshiyar kuɓewa na ɗalibai, na kama hanya a tsakiyar hunturu.

A filin jirgin Malam Aminu Kano, daga layin awon kaya za ka gane abin da zai kai kowa. Ga masu jinya a keken marasa lafiya, 'ya'yansu riƙe da manyan ambulan na hoton ƙashi. Ga ɗalibai. Ga hajiyoyi 'yan kasuwa da jakunkuna fayau, waɗanda za a ciko da abaya da takalma. Awa huɗu da ɗoriya muka yi a sama, galibinta bisa rairayin Sahara. Wajen shiga ƙasa an tambaye ni adireshin masaukina da tikitin komawa, aka duba katin allura, aka buga hatimi. Jami'in kwastan da ya ji sana'ata ya tambaya ko ina ɗauke da zinariya, ko kuɗin waje da ya haura dala 10,000, domin daga nan ne doka ta ce sai an bayyana. Na ce babu. Ya leƙa jakar kayan miya, ya ce in wuce.

Sanyi ne ya fara tarbata kafin ɗana. Mu a Kano mun san sanyin hunturu, mai ƙura da tsage leɓe, wanda da hantsi ya ɗaga sai ya saki mutum. Na Alƙahira mai laima ne, yana shiga ƙashi, kuma cikin gida ya fi waje tsanani saboda daɓen tayil da bangon siminti da ba sa ganin rana. Masaukina ɗakin ɗalibai ne a Hayyul Ashir, cikin Madinatu Nasr, unguwar da 'yan Afirka suka yi yawa har za ka ji Hausa a bakin titi. Hawa na biyar, babu na'urar hawa, gwiwoyina suka faɗa mini shekaruna. Yaran suka bar mini gado mafi kyau da bargo biyu, su kuma suka yi shimfiɗa a falo. Alwalar asuba ba ta yiwuwa sai an ɗora ruwa a wuta. A daren farko suka tuƙa tuwon samolina da miyar kukar da na kawo, wani yaro ɗan Damagaram ya ci yana share ido, ya ce rabonsa da ƙamshin daddawa tun barinsa gida.

Da safe karin kumallon Masarawa muka yi a tsaye bakin amalanken mai ful: dafaffen wake mai faɗi da mai da lemon tsami, gurasar da suke kira aish baladi, da ɗa'amiyya, wato ƙosansu, wanda cikinsa kore ne saboda ganye. Mu biyu ba mu kashe fam ɗari ba. Daga nan muka shiga ƙaramar bas zuwa Darrasa, muka gangara da ƙafa wajen masallacin Husaini. Tsallaka titi a garin nan aiki ne. Mota ba ta tsayawa, kai ma ba ka tsayawa, sai dai ku auna juna. Ɗana ya riƙe mini hannu ya ce, "Baffa, kada ka ja da baya, in ka ja da baya ne ake kaɗe ka."

A mashigar tsohon gari akwai shingen 'yan sanda, an duba jakata aka bar mu. Layin maƙeran gwal, wanda suke kira Saga, yana kan titin Mu'izzu, jikin kasuwar Khan Khalili. Shaguna ne ƙanana manne da juna, kowanne tagarsa cike da awarwaro da sarƙoƙi. Abin da ya fara burge ni tsarin ciniki ne. Farashin giram na karat 24 da 21 da 18 sananne ne ga kowa a ranar, mai saye ya zo da shi a wayarsa, don haka jayayya a kan ladan ƙira kaɗai take, wanda suke kira masna'iyya. Kowane kaya kuma yana ɗauke da tambarin hukuma da ke shaida karat ɗinsa, da ɗan hoton tsuntsu a jiki. A wajenmu amanar mai shago da dutsen gwaji su ne tambari. Mace za ta shigo ta ce ɗan Dubai take so ko ɗan Saudiyya, in kuma ta dawo sayarwa sai an goga an ɗiga ruwan gwaji. Na tsaya ina tunanin rigingimu nawa tambari irin wannan zai kashe mana.

Wanda aka haɗa ni da shi don maganar inji wani dattijo ne Kibɗawi, wato Kiristan Masar, da ɗan zanen gicciye a wuyan hannunsa kamar yadda suke yi. Ma'aikatarsa tana saman wani tsohon gini, sai an bi matattakala mai duhu. Kowa Mu'allim yake ce masa, ni ma na bi sahu, shi kuma yana ce mini Hajji. Muka sha shayi, muka duba injuna, muka yi ciniki har muka kusa daidaitawa. Ana cikin haka wani yaronsa ya shigo da tsofaffin kayan da aka saya a ƙasa don narkawa, ya zube a faranti. Mu'allim ya sa yatsa yana tonawa, ya tsamo tsabar zinariya ɗaya, ya ɗora gilashi a ido, ya daɗe yana juya ta, sannan ya mayar cikin faranti ya ce a narka. Na tambayi abin da yake nema.

Ya ce a Masar abin da ake kira jinen zinariya, wato fam ɗin zinariya, iri biyu ne. Akwai wanda ake bugawa a nan, giram 8, karat 21, da hoton Sarki Joji a jiki, mutane na saye don ajiya. Wannan nauyinsa ne darajarsa. Akwai kuma na asali, fam ɗin zinariya na Ingila, giram 7.98, karat 22, wanda aka fara bugawa a 1817. Shi ne wanda ba ya yarda ya shiga kasko sai ya gan shi da idonsa. Ya jawo wani gwangwanin alawa daga durowa, ya buɗe, ga su nan kowace a naɗe cikin takarda.

Ta farko da ya miƙo mini ta zamanin Sarauniya Biktoriya ce, tana budurwa a hoton, bayan kuma garkuwar sarauta. Wani siririn layi ya taso daga baki, ya ratsa ta cikin harafi, ya nufi tsakiya. Ɗana ya leƙa ya ce, "Baffa, wannan ai an karce ta." Na bi layin da gefen farce a hankali. Karcewa rami take yi, farce ya faɗa ciki. Wannan kuwa tudu ne, farce yana cin karo da shi. Na ce wa ɗana ya faɗa wa Mu'allim ba a jikin zinariyar abin ya faru ba. Mu'allim ya buga tebur ya ce, "Hajji maƙeri ne."

Bayanin da ya yi mai sauƙi ne ga duk wanda ya taɓa riƙe masaɓa. Ana buga tsaba ne tsakanin ƙarafa biyu masu tauri da aka sassaƙa zanen a jikinsu, a juye kuma a rame, su ne hatimin bugu. Duk abin da yake rami a hatimi, tudu zai fito a tsaba. Hatimin yana shan dubban bugu, wata rana sai ya gaji ya tsage, kuma daga ranar duk tsabar da aka buga zinariya za ta kutsa cikin tsagar ta fito da layi. Wadda ta taɓa suyar masa a tandar da ta tsage ta san wannan: ƙullu yana shiga tsagar, kowace masa ta fito da jijiya a wuri guda. In aka ci gaba da aiki da hatimin, tsagar tana tsawo tana rassa, har wani ɓangare na baki ya ɓalle ya faɗi. Daga nan tsabar za ta riƙa fitowa da dunƙulen zinariya marar zane a wurin.

Sai ya warware wasu guda biyu ya jera mini, duka na 1872. Ya ce in duba ƙarƙashin ganyen da ya kewaye garkuwa. Akwai wata 'yar lamba da ido ba ya gani sai da gilashi. Daga 1863 zuwa 1874 gidan buga kuɗi na Landan yana sa wa hatimi lamba, don a san wanne ya buga wacce. Lambar tsabobin nan biyu ɗaya ce. A ta farko tsagar ta tsaya a harafi na farko. A ta biyu ta wuce shi, ta yi reshe, ta kama na kusa da shi. Ya ce, "Wacce ce yaya?" Na nuna mai gajeren layi. Tsikar jikina ta tashi. Shekara sama da 150, babu takarda, babu shaida, amma ga ni a wani ɗaki a Alƙahira na san wadda ta riga fitowa daga injin, na kuma san ƙarfen yana dab da mutuwa lokacin da aka buga ta biyun. Ya ce daga gida ɗaya aka kawo masa su cikin kayan gado, ga alama tun fitowarsu ba su rabu ba.

Ya nuna mini wasu kurakuran da ba na tsaga ba. Akwai wadda harafin A a kalmar GRATIA ba shi da sandar tsakiya. Ya ce akwai ma wadda aka kifa A aka sa a gurbin V a sunan sarauniyar, domin a lokacin da hannu ake gyara haruffan hatimi in sun dushe, mai gyara ya ɗauki ƙarfen harafin da ya fi kusa. Akwai ta Sarki Joji na Biyar da inuwar kansa take fitowa dishi-dishi ta baya, inda irin wannan tsabar take da hoton mahayin doki maimakon garkuwa, saboda kan ya yi girma yana janye zinariya lokacin bugu. A 1929 aka rage girman kan don magance haka. Ya koya mini inda ake duba garin bugu, a ƙasan da ke ƙarƙashin kofaton doki: S ta Sydney, M ta Melbourne, P ta Perth, C ta Kanada, I ta Indiya, SA ta Pretoria. In babu harafi, Landan ce.

Akwai kuma tsagar da take a jikin zinariyar kanta, wadda bakin tsaba yake buɗewa. Wannan ciwon ƙarfe ne, kuma na san shi a shagonmu: ƙwayar dalma kaɗan ta shiga narki, kana murzawa sai ka ga gefe yana dardarewa. Mu'allim ya ce Turawa ma sun sha wannan. A 1859 an kawo zinariya daga Ostareliya mai gautsi saboda dalma da wasu gurɓatattun ƙarafa, wani ma'aikaci mai suna Ansell ya yi mata magani har ta bugu, aka ƙara ɗan layi a ƙyallen da ya ɗaure gashin sarauniya don a gane waɗanda aka yi da ita. Ya ce shekarunsa duka yana duba ƙyallen nan bai taɓa dacewa ba, kuma bai daina dubawa ba.

Abin da ya fi amfanata a matsayin mai saye shi ne maganar jabu. Bayan yaƙin duniya na biyu fam ɗin Ingila ya fi nauyinsa tsada a kasuwannin Larabawa, sai wasu a Italiya da Labanan da Siriya suka shiga buga nasu, da zinariyar gaske, suna cin ribar bambancin. Abin ya yi yawa har Ingila ta koma bugawa da yawa a 1957. Irin waɗannan jabun dutsen gwaji ba lallai ya kama su ba. Ga ƙa'idar da ya ba ni. In ka ga tsaba biyu da tudun tsaga iri ɗaya, babu laifi, hatimi ɗaya ya haife su. Amma in ka ga biyu da rami iri ɗaya, lotsawa ko karcewa a wuri guda daidai, to ka tsaya. Rauni bayan fitowa ake samunsa, kuma tsaba biyu ba sa faɗuwa a kan dutse ɗaya ta fuska ɗaya. Ma'anarsa an kwafi hatimin ne daga wata tsaba mai rauni, raunin ya bi 'ya'yanta duka.

Na tambaye shi ko tsaga tana ƙara kuɗi. Ya girgiza kai. Ya ce ƙaramar tsaga ba ta ƙara komai a mafi yawan lokaci, wani mai tarawa ma gudunta yake yi. Babban kuskure da aka sani kuma ake nema, ko shekara da garin da ba a buga da yawa ba, su ne ke ninka farashi. Ina so wannan ya shiga kunnen matasanmu da ke ganin bidiyo a waya ana cewa kowane tsohon kwabo miliyoyi ne. Ba haka ba ne. Shi dai yana ajiye nasa ne saboda ba ya iya zuba su a wuta.

Da na ambaci tsohon dinari sai ya ɗaga hannu biyu. Ya ce dokar kayan tarihi mai lamba 117 ta 1983 ta haramta cinikinsu, fita da su daga ƙasa kuma ɗauri ne. In ina son gani in je gidan tarihi da ke unguwar Babul Khalƙi. Muna saukowa kuwa wani saurayi ya bi mu cikin lungu yana raɗa, ya buɗe tafin hannu, wai dinarin Faɗimiyya ne, daular da ta taɓa mulkin Masar, aka tono. Ban karɓa ba, a hannunsa na duba. Gefen yana da layin haɗin zubi, fuskar cike da ƙananan ramukan kumfa, rubutun ya yi laushi babu kaifi ko ɗaya. Tagulla ce aka zuba aka wanke da ruwan gwal. Na ce wa ɗana mu tafi. Muka huce da kushari a wani shago kusa da Azhar, shinkafa da taliya da adas da soyayyiyar albasa da miyar tumatir, kwano fam 50, ya riƙe ni har dare.

Ranar zuwa gidan tarihi da sassafe muka fara ta titin Mu'izzu don in ga gine-gine kafin cunkoso. Kusa da ginin Sarki Ƙalawun akwai makarantar ɗansa, Nasiru Muhammad, wanda shi ne ke mulki lokacin da Mansa Musa na Mali ya sauka a garin a 1324 kan hanyarsa ta hajji. Al-Umari, marubucin tarihi na wancan zamani, ya rubuta cewa shekara 12 bayan ziyarar zinariya ba ta farfaɗo ba: miskalin da ake sayarwa dirhami 25 ya koma bai wuce 22 ba. Na tsaya ina kallon layin Saga daga nan, ina cewa a raina kasuwar nan ta taɓa jin nauyin zinariyar yankinmu. Ƙofar makarantar ta marmara ce, siffarta daban da duk na kusa. Ɗana ya ce daga wata coci a Akka, wani gari a gaɓar tekun Falasɗinu, aka ciro ta, bayan sarkin Masar Ashraf Khalil ya ci garin a 1291. Muka juya kudu har Babu Zuwaila, muka karya dama, muka ɓulla Babul Khalƙi da ƙafa.

Gidan Tarihin Fasahar Musulunci an buɗe shi a ginin nan a 1903. A watan Janairun 2014 bam ɗin mota da aka nufi hedikwatar 'yan sanda da ke fuskantarsa ya yi masa mummunar ɓarna, sai a 2017 aka sake buɗewa. Ana bi ta na'urar bincike a ƙofa, kuma tikitin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa. Ban tsaya a fitilu da darduma ba, na nemi wajen kuɗaɗe.

Ban zaci dinari ƙarami ne haka ba. Faɗinsa bai kai santimita biyu da rabi ba, siriri, nauyinsa wajen giram 4.25. Na shekara ta 77 bayan hijira, zamanin Abdulmalik ɗan Marwan, shi ne na farko da aka cire hoto aka bar rubutu zalla. Fuska ɗaya kalmar tauhidi, ɗayar kuma daga Ƙulhuwallahu, a kewaye an rubuta da sunan Allah an buga wannan dinari a shekara ta saba'in da bakwai. Babu sunan halifa, babu sunan gari. Tun ina yaro nake jin liman a wajen ɗaurin aure yana ambaton rubu'in dinari, mafi ƙarancin sadaki a mazhabarmu ta Malikiyya, ina kuma jin nisabin zakka dinari 20, wato giram 85. Mutane suna zuwa shagonmu su tambayi nawa rubu'in dinari ya kama yau, mu lissafa musu giram ɗaya da ɗigo. Ga shi yau ina tsaye gaban abin da ake lissafin da shi. Na daɗe a wurin har ɗana ya samo mini kujera.

Wata ɗaliba daga tsangayar nazarin kayan tarihi ta Jami'ar Alƙahira tana gefe da littafinta tana zana wasu tsabobi. Da ta ga na fito da gilashi ina kara shi a jikin akwatin, ta tambayi ɗana ko ni malami ne. Ya ce maƙeri ne. Ta ce to na fi ta sanin rabin abin da take karantawa, ta kira ni Ammu, ta zagaya da mu.

Waɗannan duka da hannu aka buga su. Hatimin ƙasa a kafe yake cikin uwar maƙera, a ɗora ƙwayar zinariya da aka auna, a dafa hatimin sama, a sauke guduma. Na saman shi ke shan dukan kai tsaye, don haka ya fi saurin tsagewa, a kan canja shi na ƙasa yana nan. Ta ce da wannan masu nazarin tsofaffin kuɗi suke aiki: su bi tsaga da lahani su gane tsabobin da hatimi ɗaya ya buga, su ga wane na sama ya haɗu da wane na ƙasa, su jera su gaba da baya, har su ƙiyasta yawan hatiman da gidan bugu ya cinye a shekara, wanda ke nuna ko shekarar yalwa ce ko ta ƙunci. Wato lahanin da mai bugu zai so a ce babu shi, shi ne abin da ya rage yana ba da labarinsa.

Dinaran Faɗimiyya, waɗanda suka kafa birnin Alƙahira a 969, sun fi kowanne tsabta a idona. Na halifa Mu'izzu rubutunsa da'ira uku ne, wata cikin wata, aikin mai haƙuri. Na Mamluk kuwa, daular su Sarki Ƙalawun, da yawa rubutun ya fi ƙwayar faɗi, rabin kalma ya faɗa waje, wasu sun karkace gefe guda. Ta ce a dogon zamani na mulkinsu nauyin dinari ba ya tsayawa wuri ɗaya, da sikeli ake karɓarsa, sai a 1425 Sarki Barsbay ya fito da ashrafi mai tsayayyen nauyi don ya yi gogayya da kuɗin zinariyar birnin Banis na Italiya. Ta nuna mini guda da rubutunsa ya fito biyu-biyu, kowane alif da inuwarsa. Wannan ba sai an faɗa mini ba. Bugun farko bai kama ba, ya ƙara na biyu, ƙwayar ta ɗan gusa. Na ji shi a kafaɗata. Mutum ne da ya wuni yana sauke guduma, ga mai sa ido a kansa, ga tulin ƙwayoyi na jira.

Ban ga laifinsu ba da suka ci gaba da aiki da hatimin da ya tsage. Sassaƙa ayoyi a juye, a kan ƙarfe, cikin fili da bai fi kan babban yatsa ba, ba aikin yini ɗaya ba ne. Muddin nauyi ya cika kuma zinariyar ta tsarkaka, haƙƙin mai karɓa bai taɓu ba. A nan suka sa tsananinsu. Ta ambaci littafin Ibn Ba'ara, wanda ya yi aiki a gidan bugu na Masar zamanin Sarki Kamil na Ayyubawa, ta ce ya yi bayanin tace zinariya da gwada ta daki-daki, da aikin mai narki da mai sassaƙa da mai bugu. A wani akwati kuma ga ƙananan ma'aunai na gilashi da aka yi don auna tsaba, an zaɓi gilashi saboda ba a iya goge shi da magagari ba tare da an gani ba.

Da na ba ta labarin ƙofar Akka sai ta ce ai Akka tana da nata labarin kuskure. Mayaƙan Salibi da suka zauna a can sun riƙa kwaikwayon dinarin Faɗimiyya saboda shi kasuwa ta yarda da shi, masu sassaƙarsu kuma ba su iya Larabci ba, sai haruffa suka koma sanduna da ƙugiyoyi marasa karantuwa. A 1250 wakilin Fafaroma ya yi ƙorafin Kiristoci suna buga kuɗi da sunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka hana, daga 1251 suka koma rubuta kalmomin addininsu da Larabci. Ta buɗe wayarta ta nuna mini wani da ke Gidan Tarihin Birtaniya: Offa, sarkin Mercia a Ingila, ya sa an kwafi dinarin halifa Mansur na shekarar 157 bayan hijira, da kalmar shahada da komai, aka cusa OFFA REX a tsakiya. Sunan a kife yake in ka daidaita Larabcin, alamar mai sassaƙar bai san sama da ƙasan abin da yake kwafa ba. Ɗana, da yake nahawu ne karatunsa, ya karɓi wayar ya shiga tsintar kurakuran harafi har sai da mai gadi ya sanar da lokacin rufewa.

Sauran zaman ciniki ne da zirga-zirga. Na yi Juma'a a masallacin Azhar, na biya kuɗin inji, na kai shi wajen masu jigilar kaya, inda kuɗin dako da na fito ya kusa kai sulusin kuɗin injin kansa. Wani direban tasi ya ninka mana kuɗi da ya ji harshenmu, ɗana ya tsaya masa da Larabcin titi har ya sauko. Na sayi sabon sikeli da gilasan dubawa masu ninka girma sau goma, ɗaya nawa, sauran na yaran shago. Da na je sallama da Mu'allim ya ce in duba kayan tsofaffin hajiyoyinmu da kyau, domin fam ɗin Ingila ya daɗe yana yawo a kasuwannin Makka da Jidda, kuma ya san alhazan Afirka suna saye. Gaskiyarsa. Sau da yawa ana kawo mana sarƙar gado da irin tsabobin nan a jere, an yi musu kunne an rataya, magada suna jira a auna a raba.

Na sauka Kano cikin ƙura, Yaya da kansa ya zo ɗaukata. Tun a mota na faɗa masa ina so mu sa doka a shago: duk tsabar da ta shigo, ko an huda ta ko an yi mata kunne, kada ta shiga kasko sai an duba ta da gilashi, an rubuta shekara da harafin gari, an ɗauki hoton fuska biyu. Ya yarda da wannan nan take, musamman da ya ji maganar rami iri ɗaya, don ya san jabun da zai iya wuce dutsen gwaji asara ce. Inda muka rabu shi ne ajiyewa. Ya ce kowace tsaba kusan giram takwas ce ta jari a kwance, ga farashi yana motsi kullum, ga babu mai tarawa a Kano da zai biya ko naira ɗaya a kan nauyi. Na ce to duk wadda na ga ta cancanta zan saye ta daga shago da kuɗin aljihuna, a farashin ranar. Ya ce in dai haka ne babu ruwansa, amma a rubuta a littafi, kuma in biya kafin a rufe lissafin mako.